Ƙyallayen Tela Ba Shara Ba Ne

Uwargida, idan hunturu ya sauko Rabah, Wurno da Goronyo, sanyin fadama ba ya raga wa yara, ga bargon kanti ya yi tsada. Amma kullum sai tela ya share ƙyallayen atamfa ya zubar, alhali bargo ne sukutum.

Wannan ɗinki ba baƙonmu ba ne. Lifidin da mayaƙa ke sa wa dawakinsu a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, auduga ce tsakanin yadi biyu aka bi da ɗinki. A Amurka akwai keke mai dogon hannu don wannan aiki, amma keken ɗakinki ya wadatar.

Ki fara wanke ƙyallayen, don wasu na zuba. Ki harhaɗa su, ki sa auduga a tsakiya, tsohon zane a ƙasa. Atamfa mai yawan ado, miƙaƙƙen layi ya ishe ta. Bargon yaro kuwa, da yake zai sha wanki, a gicciya layukan, tazarar yatsu 3, kada audugar ta dunƙule. Ki soma daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare.

Addininmu ya hana almubazzaranci. Allah Ya sa albarka.