Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Mubi da Cinikin Makamai da Ƙawaye

A watan Agustan 2025 Amurka ta amince a sayar wa Najeriya bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346, sai aka kaure da murna kamar an gama yaƙi. Wanda ya kwana a Mubi ranar 29 ga Oktoban 2014 ba zai yi saurin tafi ba. Amincewa daban, isowar kaya daban, kuma ko sun iso, ba nan gizo ke saƙa ba.

Labarin da aka saba ba mu shi ne ƙawaye ne suka yi mana rowa. A ba su haƙƙinsu, akwai ƙamshin gaskiya. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana fakewa da zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake yi wa sojojinmu. Jakadanmu a Washington, Ade Adefuye, ya fito fili ya yi ƙorafi a watan Nuwamba, lokacin da tutar Boko Haram ke kaɗawa a Mubi, an sauya wa garin suna zuwa Madinatul Islam. Jiragen Super Tucano 12 ma haka aka yi ta jan ƙafa a kansu, musamman bayan jirginmu ya jefa bam kan 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017. Ba su fara sauka ba sai Yulin 2021. Ga mutumin Mubi, wannan ihu ne bayan hari.

Amma shin rashin Cobra ne ya ci Mubi? Mutanen da suka shigo garin ba su da jirgi ko ɗaya. Motocin Hilux ne, da babura, da motocin sulke waɗanda yawanci daga hannun sojojinmu suka ƙwace. Abin da sojan da ke bakin daga yake kuka a kai a wancan lokaci ƙaramin abu ne: harsashi, man mota, alawus, da bindigar da ba ta cijewa. Babu ɗayansu da ke buƙatar sa hannun majalisar dokokin Amurka. A watan Mayun 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari, daga baya kotun soja ta yanke wa wasu da dama hukuncin kisa, alhali a cikin kukansu har da na rashin kayan aiki.

Kuɗi kuwa an fitar. A watan Satumban 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi da ya taso daga Najeriya, wai na sayen makamai ne. Bayan sauyin gwamnati aka tuhumi tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, kan dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, zargin da ya musanta. Shi kansa babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, ɗan Vimtim ne a nan Mubi ta Arewa. Ya sanar da tsagaita wuta da Boko Haram ranar 17 ga Oktoban 2014, kafin mako biyu garinsu ya faɗi, sannan a jawabinsa na ban kwana a 2015 ya amsa cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da kayan yaƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sakamakon rowar ƙawaye shi ne muka shiga kasuwa kowace rumfa muna tayi: tankoki daga Sin, JF-17 daga Pakistan, T-129 da jirage marasa matuƙa daga Turkiyya. Wannan ya rage mana zaman jiran mutum ɗaya, amma kowane samfuri da nasa makanikai, da nasa kayan gyara, da nasa dillali mai jiran kamasho. Masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964 take, har yau ba ta ɗauke mana wannan yawo ba. Mafi muni, abin da aka sayo da tsada yakan koma hannun maƙiyi duk lokacin da aka ci sansani, kamar yadda aka gani a Metele a 2018.

Ku tuna yadda Mubi ta dawo a tsakiyar Nuwamban 2014. Yayin da mata ke tsallaka duwatsu zuwa Kamaru da goyo a baya da ƙullin kaya a ka, wasu suka nufi Yola a ƙafa, maharba da 'yan banga ne suka yi gaba tare da sojoji, da bindigogin toka da kwari da baka, layu na reto a wuya. Ba wanda ya jira takarda daga Washington. A karɓi bama-baman in sun zo, kuɗinmu ne. Amma kafin a yi guɗa, majalisarmu ta fara tambayar harsashi nawa ne a jakar sojan da ke gadin hanyar Madagali a daren yau, da kuma wa ya sa hannu cewa an kai masa.