The Breakfast Club: Don Wa Aka Yi Wannan Fim?

A ranar 15 ga Fabrairun 1985 kamfanin Universal ya saki wani fim a gidajen sinima na Amurka mai suna The Breakfast Club. Da za a ba ka labarinsa a taƙaice, sai ka yi mamakin wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa a ciki. Ɗalibai biyar ne na wata makarantar sakandare suka zo zaman horo ranar Asabar, za su wuni a ɗakin karatu tun ƙarfe 7 na safe. Irin horon makarantun can ke nan. Inda mu muka saba da bulala da yankan ciyawa da tsallen kwaɗo, su tsare yaro ake yi a hana shi hutunsa. Babu harbe-harbe a fim ɗin, babu tseren motoci, zama ne kawai da magana na minti 97. Kuɗin da aka kashe kimanin dala miliyan 1 ne, ya kuwa dawo da sama da miliyan 50. A 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu ta tarihi da al'ada.

Wanda ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni shi ne John Hughes, mutumin da da yawa daga cikinmu suka san aikinsa ba su san sunansa ba, domin shi ya rubuta Home Alone na 1990. Ya yi sakandare a wani gari da ke gefen birnin Shikago a jihar Illinois, kuma irin yaran da ya tashi a cikinsu ya yi wa fim ɗin: 'ya'yan masu rufin asiri na unguwannin bayan gari, waɗanda ke da ɗan kuɗin kashewa a aljihu da lokacin zuwa sinima a ƙarshen mako. Kamfanonin Hollywood sun daɗe da gane cewa akwai ciniki a wurin waɗannan yara. Sai dai abin da suka fi ɗura masu a farkon shekarun 1980 shi ne barkwancin batsa irin na Porky's, inda ake nuna matashi ba shi da wani tunani sai leƙen mata da shan giya. Hughes ya bi wata hanya. Ya ɗauka cewa damuwar ɗan shekara 16 damuwa ce ta gaske, ta isa a zauna a saurare ta ba tare da dariya ba.

Ga kuma abin ban mamaki. Hukumar da ke sa wa finafinai alamar shekaru a Amurka ta ba fim ɗin alamar R, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sai tare da iyaye ko wani babba mai kula da shi. Dalili kuwa a fili yake: akwai ashar da maganganun batsa, akwai kuma wurin da yaran suka sha tabar wiwi. Biyu daga cikin 'yan wasan, Molly Ringwald da Anthony Michael Hall, ranar da fim ɗin ya fito ba su cika 17 ba, ke nan bisa ƙa'ida su kansu ba za a sayar masu da tikiti su kaɗai ba. An yi tuwo don yara, an kuma ɗora kwanon inda hannunsu ba ya kaiwa. Abin da ya ƙarasa kai fim ɗin ga masu shi shi ne kaset ɗin bidiyo, wanda a lokacin yake shiga gidajen Amurkawa, da kuma tashoshin talabijin da suka yi ta maimaita shi shekara da shekaru.

Dabarar farko da Hughes ya yi ta kama masu kallo ita ce zaɓen mutanen biyar. Andrew ɗan kokawa ne, abin alfaharin makaranta. Claire 'yar gata ce, 'yar masu kuɗi, wadda kowa ke son a gan shi tare da ita. Brian haziƙin aji ne da ba a kula shi sai ranar jarrabawa. Bender tantiri ne, ɗan gidan da ba kwanciyar hankali. Allison kuwa yarinya ce mai baƙaƙen kaya da ta ɗauki dogon lokaci a farkon fim ɗin ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya taɓa zama a aji zai ga kansa a ɗaya daga cikinsu, ya kuma ga wanda ya tsana a wani. Da wannan aka jawo kowane ɓangare na makaranta zuwa sinima ɗaya.

Amma da a nan aka tsaya, da tuni an manta da fim ɗin. Dubi yadda aka buɗe shi, da safe a bakin makaranta. Mahaifin Claire ya kawo ta a mota ƙirar BMW yana lallashinta, kamar ita aka yi wa laifi. Mahaifiyar Brian tana yi masa faɗa, tana cewa ko an hana karatu a wurin horon, ya nemo yadda zai yi ya yi karatu. Mahaifin Andrew bai damu da laifin da ɗansa ya yi ba, abin da ya ɓata masa rai shi ne an kama shi, kada ya rasa tallafin shiga jami'a. Allison ta fito daga kujerar baya, ta sunkuya za ta yi sallama ta taga, motar ta ja ta bar ta tsaye. Bender da ƙafa ya zo, shi kaɗai. Cikin 'yan mintoci, kafin yaran su ce wa juna komai, an riga an gaya wa mai kallo inda ciwon kowannensu yake. Haka lokacin cin abincin rana: Claire ta baje abincin Japanawa na ɗanyen kifi a kan ɗan faranti na katako, Andrew ya zazzage buhun abinci da zai ishi mutum uku, Brian ya fito da burodin da aka yanke wa gefe-gefe kamar na ƙaramin yaro, Bender bai zo da komai ba.

Can wajen ƙarshe suka zauna a ƙasa suka yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Andrew ya wulaƙanta wani yaro mai rauni a ɗakin canja kaya, ba don yaron ya yi masa komai ba, sai don ya burge ubansa da ke ƙyamar rago. Brian ya faɗi a darasin aikin hannu, fitilar da aka ce ya haɗa ta ƙi kamawa, ya ga ba zai iya kai wannan sakamako gida ba, har ya yi tunanin kashe kansa. Bindigar harba wutar neman agaji da ya ɓoye a lokarsa ce ta tashi, shi ya sa aka kama shi. Tun da farko Bender ya nuna masu tabon sigari a hannunsa, wanda ya ce hukuncin zubar da fenti ne a gida. Iyayen Claire da ita suke yaƙar juna. Allison ba ta ma yi laifin komai ba, ta zo ne don ba ta da inda za ta. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma nan ne amsar tambayar don wa aka yi shi. Matasa aka kira kallo, amma iyaye ake tuhuma, su kuwa ba sa ɗakin.

Babban da ke ɗakin shi ne mataimakin shugaban makaranta, Richard Vernon, wanda ya ba su aikin rubuta kalma 1,000 a kan ko su wane ne su. Yaro mai kallo mugu kawai yake gani, musamman inda ya kulle Bender a ɗakin ajiya ya ce in ya isa ya kai masa naushi. Wanda ya sake kallo bayan ya manyanta yakan tsaya a wata hira da Vernon ya yi da Carl, mai sharar makarantar, inda yake kukan cewa yaran zamani sun lalace, Carl ya nuna masa cewa yara suna nan yadda suke, shi ne ya canja. Mai lura zai ga hoton Carl ɗin nan a farkon fim, cikin na tsofaffin ɗaliban da makarantar ta taɓa karramawa.

Akwai kuma gaskiyar da fim ɗin bai ɓoye ba. Brian ya tambaya ko ranar Litinin, idan an dawo makaranta, za su ci gaba da zama abokai. Claire ta ce a'a, kuma ta faɗi dalili: ƙawayenta ba za su bari ba. Aka yi mata ca, amma ba wanda ya iya ƙaryata ta. Fim ɗin ya ƙare ranar Asabar da yamma, da waƙar ƙungiyar Simple Minds ta Sikotilan wadda ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1985, bai nuna mana Litinin ba. Har yau masoyansa na gardama a kan abin da ya faru ranar.

Ba a rasa abin zargi ba, kuma ba ƙarami ba ne. Duk su biyar fararen fata ne, don haka ɗan baƙar fatar Amurka ko ɗan talakan cikin birni ba zai ga makarantarsa a ciki ba. Allison sai da aka cire mata baƙaƙen kayanta aka yi mata kwalliya kafin ɗan kokawa ya kalle ta, abin da ya rushe rabin darasin da aka wuni ana koyarwa. Brian aka bar wa rubutun duka, ya kuma tafi gida shi kaɗai. Mafi muni shi ne yadda Bender ya wuni yana cin zarafin Claire da baki, har da taɓa ta ba da yardarta ba, amma a ƙarshe ita ta bi shi, ta cire ɗan kunnenta ta ba shi. A 2018 Molly Ringwald, wadda ta fito a Claire, ta rubuta a mujallar The New Yorker cewa wannan ɓangare ya dame ta bayan ta kalli fim ɗin tare da 'yarta, duk da cewa ba ta daina ganin darajar aikin Hughes ba. Ta yi daidai. Yarinyar da ta koyi cewa wulaƙanci alamar so ce ta koyi abin da zai cutar da ita.

Wannan kallo da Ringwald ta yi da 'yarta ya fito da wani abu kuma. A shirin rediyo na This American Life a 2014, an ji yadda yarinyar, tana 'yar shekara 10, ta nuna cewa Brian ne ya fi kama da ita, saboda nauyin karatu da take jin iyayenta sun ɗora mata. Uwar ba ta zaci haka ba. Wadda ta fito a fim ɗin tana cikin masu ƙorafi, ga ta yanzu a layin waɗanda ake ƙorafi da su. Haka abin ya zama ga dukan waɗanda suka kalle shi a 1985: yau sun haura 50, su ne iyaye, su ne malamai, wasunsu ma kakanni. Hughes ya rasu a 2009, masu kallonsa na farko kuwa sun koma kujerar Vernon.

Fim ɗin ba na ƙananan yara ba ne, kuma akwai abubuwa a cikinsa da ba su dace da tarbiyyarmu ba, don haka ba a ce a kunna shi a falo gaban kowa ba. Amma uba ko malamin da ya ci karo da shi ya daure ya kalla shi kaɗai. Ya mai da hankali kan Brian, yaron da ba ya rashin kunya, ba ya fashin makaranta, kullum yana cikin na gaba-gaba a aji. Irinsa ne ba a tambaya ko lafiya, don ana ganin ba shi da matsala. In kana da irinsa a gida ko a aji, ka kira shi ku zauna, ka tambaye shi abin da ba sakamakon jarrabawa ba.