Zaman Makaɗa a Unguwar Mu'azu

Duk wanda ya zauna da makaɗan biki a Unguwar Mu'azu bayan sallar la'asar, sa'ad da suke gyaran kaya kafin a tafi gidan wasa, zai tarar galibin muhawararsu ba a kan waƙa take ba, a kan sauti take. Mai kalangu, wanda ke matse tsarkiya a hammata domin fata ta yi magana, kukansa damina ne, saboda raɓa kan saki fata har sai an shanya ta. Mai fiyano kuwa, wanda rayuwar sana'arsa ke hannun janareta da lasifika, babu abin da yake tsoro illa wuta ta ɗauke alhali amarya na tsakiyar fili.

Dattawansu, waɗanda suka tashi da jin Alhaji Mamman Shata a Rediyon Kaduna kafin rasuwarsa a 1999, sukan kafa hujja da cewa murya da kalangai da 'yan amshi sun wadaci dandali. Samari su ce zamani ya sauya, domin matan biki na yau, in ba su ji kiɗa na dukan ƙirjinsu ba, ba sa tasowa liƙi. A ganina samarin sun fi kusa da haƙiƙa, ko da yake sukan ƙure na'ura har kirarin uwar biki ya ɓace cikin ƙara, ita kuwa ba ta buɗe jaka sai ta ji sunanta sarai.