Lambar da Ta Ƙaryata Fermat

A shekarar 1640 masanin lissafin nan na Faransa, Pierre de Fermat, ya lura da jerin 3, 5, 17, 257 da 65,537. Kowacce ba ta rabuwa daidai sai da kanta ko da 1. Hanyar samun ta gaba mai sauƙi ce: a cire 1, a ninka saura da kansa, a mayar da 1. Fermat ya yi zaton haka jerin yake har abada, amma misali biyar bai isa hujja ba.

Ta shida ita ce 4,294,967,297. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 tana raba ta, a sami 6,700,417 cif. Ɗalibi ya ɗauki fensir ya gwada. Har yau ba a gano wata mara rabuwa a jerin bayan 65,537 ba.