MOTAR DA KE ZAUNE BISA ISKA, DA YADDA TA KE DAIDAITA KANTA

Kowa ya taɓa tsayawa a tasha ya ga yadda mota ta kan yi in an cika ta da mutane da kaya. Bayanta ya kan tsuguna har ya kusa shafar ƙasa, gabanta kuwa ya ɗaga kai sama. In dare ya yi, fitilunta su bar hanya su koma idon direban da ke tahowa. Amma akwai waɗansu motoci da ba su yin haka. In an ɗora musu kaya sai su ɗan duƙa, a jima kaɗan a ji wani ɗan gurnani daga ƙarƙashi, sa'an nan su miƙe su koma tsayinsu na farko, ba wanda ya taɓa su. Yau muna so mu bayyana wa masu karatu asirin wannan abu, da amfaninsa, da kuma haɗarin da ke ɓoye cikinsa.

Bari mu fara da sifirin na ƙarfe wanda yawancin motoci ke zaune bisansa. Tun cikin 1678 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon lanƙwasarsa. In aka ninka nauyi, lanƙwasa ta ninku. To, nan ne maƙeran mota su ke shiga tsaka mai wuya. In sun sa sifirin mai taushi domin jin daɗin fasinja, da an yi lodi sai motar ta zauna. In kuwa sun sa mai tauri domin kaya, ran da ta fita ba kaya sai ta riƙa tsalle. Wanda ya taɓa hawa bayan babbar mota fanko bisa gargada ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ƙarfe, yadda aka ƙera shi haka zai zauna, ba a iya ƙara masa tauri da safe a rage da yamma.

Iska kuwa ba haka ta ke ba. Cikin 1662 Robert Boyle ya nuna cewa in aka kulle iska cikin mazubi aka matse ta, gwargwadon ƙuntatar wurin, gwargwadon ƙarfin da za ta riƙa turowa da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙwallo ke tashi in an buga shi da ƙasa. Watau iskar da aka kulle ita ma sifirin ce, har ta fi ƙarfe da abu guda: ana iya ƙara ta, ana iya rage ta, ko da mota tana cikin tafiya.

Kayan aikin guda biyar ne. Na farko jakar iska, wadda a ke sawa maimakon sifirin tsakanin jikin mota da ƙafarta, wani lokaci a ƙafafun baya kaɗai, wani lokaci a duka huɗu. Da roba mai kauri a ke yin ta, an saƙa zare mai ƙarfi a ciki kamar na taya, tana naɗewa tana warwarewa bisa wani gindi sa'ad da ƙafa ke hawa da sauka. Na biyu famfon iska, wanda a ƙananan motoci lantarki ke juya shi, a manya kuwa inji. Tare da shi akwai ɗan gwangwani cike da ƙwayoyi masu shan laima, irin waɗanda a ke samu cikin kwalin sabon takalmi, domin kada ruwa ya shiga bututu. Na uku tanki, inda a ke tara iskar da aka matse ta zauna cikin shiri. Na huɗu bawul-bawul, su ne ƙofofin da ke buɗe wa kowace jaka hanya ko su rufe. Na biyar ma'aunin tsayi, ɗan hannu ne da aka ɗaure tsakanin jikin mota da ƙafa, yana kai labari ga wata ƙaramar kwamfuta.

Ga yadda su ke aiki tare. A ƙaddara mutum uku sun shiga baya, an kuma cika but da kaya. Jakunkunan baya za su matsu, jiki ya sauka, hannun ma'auni ya karkata. Kwamfuta ta ga tsayi ya kasa abin da aka rubuta mata, sai ta buɗe ƙofa, iska ta kwararo daga tanki zuwa jakunkunan nan har jiki ya koma wurinsa, sa'an nan ta rufe. Famfo kuma ya tashi ya mayar wa tanki abin da aka ɗiba, shi ne gurnanin da mu ke ji. In mutanen sun sauka, bayan mota ya yi sama fiye da kima, sai a buɗe wata ƙofa a saki iska waje. A motocin dā, da manyan motoci da yawa har yanzu, ba kwamfuta, hannun nan da kansa ke tura bawul.

Lissafin abin ba wuya. A ƙaddara fuskar jaka santimita murabba'i 100 ce, iskar ciki kuma tana tura kowane murabba'i da ƙarfin kilo 5. Jakar za ta ɗauki kilo 500 ke nan. In aka ƙara mata kilo 100, tilas ƙarfin iskar ya hau zuwa kilo 6 a kowane murabba'i. Jakar da ba ta da famfo sai ta ƙanƙance kafin ta sami wannan ƙarfi, amma mai famfo ƙarin iska za a ɗura mata, ta sami ƙarfin tana nan da tsayinta. Da ya ke taurin jaka yana ƙaruwa tare da ƙarfin iskar, lilon motar kusan ɗaya ne, ko da kaya ko babu.

Mai karatu zai ce, to, in mota ta faɗa rami fa, ai ma'auni zai karkata? Gaskiya ne, kuma a nan gwanintar ta ke. An koya wa na'urar haƙuri. Ba ta kula da motsin da ya zo ya wuce nan da nan, sai wanda ya daɗe bai canja ba, domin rami wucewa ya ke yi, kaya kuwa zama su ke yi. Ba domin haka ba, da ta ƙare iskarta tana bin kowane tudu da kwari. Kashe lilo kuwa aikin shakazoba ne, wanda har yanzu tilas a sa shi tare da jakar.

Wannan dabara ba jiya aka fara ta ba. Cikin 1953 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da manyan motocin fasinja masu zama bisa iska, waɗanda kamfanin Greyhound ya yi ta sufuri da su. A Faransa, Paul Magès na kamfanin Citroën ya bi wata hanya dabam: ya kulle iskar naitirojin cikin ƙwallayen ƙarfe, ya sa mai ya riƙa daidaita tsayi. An fara da ƙafafun baya cikin 1954, sa'an nan motar DS ta 1955 ta zo da shi a ƙafa huɗu, kamfanin kuwa bai bar wannan hanya ba sai 2017. Cadillac ya sa jakar iska a motarsa Eldorado Brougham cikin 1957, amma yoyo ya dami masu saye, daga 1961 ya koma ga ƙarfe. Jamusawa suka ɗauka, Borgward cikin 1960, Mercedes-Benz cikin 1961. Abin bai zauna da gindinsa sosai ba sai da roba ta inganta, kwamfuta kuma ta shigo: Lincoln cikin 1984, Range Rover cikin 1992, Mercedes-Benz kuma da tsarin Airmatic cikin 1998. Irin waɗannan su kan sauko ƙasa in gudu ya yi yawa, su ɗaga in hanya ta ɓaci, motocin fasinja na birane kuma su kan durƙusa wajen ƙofa domin tsofaffi su hau.

Amma kome ya yi farko yana da ƙarshe, roba kuwa tsufa ta ke yi. Zafi da ƙura da yashi su kan ci jakar a wurin da ta ke naɗewa, har ta tsattsage ta soma yoyo. Alamar farko ita ce a ajiye mota daidai da dare, a tashi da safe a tarar wani gefe ya kwanta. In aka shafa ruwan sabulu a jaka da mahaɗan bututu, kumfa zai nuna wurin. Wanda ya ƙyale, famfo zai yi ta aiki ba hutu yana cika tulun da ya huje, har ya ƙone, gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. Wannan ya shafi duk mai sayen tsohuwar mota da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, gama sau da yawa jakunkunanta sun riga sun ci rabin kwanakinsu. Makanikai kuma mu na roƙonsu kada su shiga ƙarƙashin irin wannan mota sai sun tokare ta da abu mai ƙarfi, domin in iska ta fita, saukowa za ta yi ba sallama.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi girma. Motar sifirin ƙarfe in an zalunce ta da kaya ta kan faɗi gaskiya, kowa ya ga ta tsuguna. Motar iska kuwa ta kan miƙe tsaye kamar ba abin da ya dame ta, har mai ita ya ce ai da sauran wuri. Alhali iska tsayi kaɗai ta gyara, ba ta rage ko kilo ɗaya daga nauyin ba. Tayoyi suna ɗauke da shi, birki kuma shi zai tsai da shi duka ran da yaro ya gitta hanya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka rubuta, a littafinta ko a jikin ƙofa. Wannan lamba ita ce abin dubawa, ba tsayuwar motar ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.