Talla a Kongo: Daidai Kaya, Daidai Wuya

Duk wanda ya bi ta Kongo, a Tudun Wadan Zariya, zai ga mata da kaya a ka. Ga Bafulatana da ƙwaryar fura da nono. Ga mai ƙosai, ga mai awara, ga mai dafaffiyar gyaɗa. Abin da ke jawo su shi ne taron jama'a. A nan reshen Jami'ar Ahmadu Bello yake, inda ake koyon aikin shari'a da na mulki. Ɗalibai da ma'aikata kuwa sai sun ci abinci.

Talla sana'a ce mai rufin asiri. Ba a biyan kuɗin rumfa, jarin kuma ba shi da yawa. Da ribar ake yin cefane, a zuba adashi, a tara kayan ɗakin 'ya mace. Uwargida da ba ta fita ita ke yin sana'ar a cikin gida, yarinya ta kai kan titi.

To, me ya sa aka fi ɗauka a ka? Idan kaya ya zauna a tsakiyar kai, nauyinsa na bin ƙashin baya ya sauka ƙafafu. Jiki ba ya karkata gefe guda. Shi kuma gammo yana raba nauyin, ya hana ƙwarya zamewa.

Amma kowane wuya da iyakarsa. A shekarar 1986 masana sun gwada wasu mata a ƙasar Kenya waɗanda suka saba da dako. Sun ga mace na iya ɗaukar kashi 1 cikin 5 na nauyin jikinta ba tare da ƙarin wahala ba. Ke nan mai nauyin kilo 50, kayanta kilo 10 ne. Nono lita 10 kaɗai ya kai haka, tun ba a sa fura da ƙwarya ba. Yawan wuce ƙima kullum yana kawo ciwon wuya da na baya.

Wannan lissafi na manyan mata ne. Yarinya ƙashinta bai gama ƙwari ba. Ga haɗarin mota da babur a kan titi. Ga miyagun mutane da ke kiran 'yar talla lungu da sunan ciniki. Ga kuma makaranta tana wuce ta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a ɗora wa yaro talla a titi. Dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara 9 ga kowane yaro, mace da namiji.

'Yar'uwa mai talla, ga shawara. Yi gammo mai kauri da tsumma mai tsabta. In za ki ɗauki kaya, durƙusa, kada ki sunkuya. Nemi wani ya ɗora miki, ya kuma sauke miki. Kaya in ya yi yawa, raba shi sawu biyu. In kina da ciki, rage kaya. In hannu ya fara mutuwa ko wuya ya riƙe, garzaya asibiti.

Iyaye kuma, a duba wanda ake ɗora wa faranti. Ana iya kafa tebur a ƙofar gida, ko a ba babbar mace ta sayar, a biya ta lada. Yarinya ta tafi makaranta. Ribar talla ta yini ɗaya ce, ilimi kuwa na tsawon rai.