Auna Kasada Kafin Kafa Doka: Tsarin Sa Ido Kan Tashoshin Nukiliya a Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda Hukumar Kula da Nukiliya ta Amurka ta sauya salon sa ido kan tashoshin samar da lantarki, daga bin ƙa'ida ido rufe zuwa auna kasada. Abin nufi da kasada a nan shi ne amsar tambayoyi uku: me zai iya lalacewa, mene ne yiwuwar aukuwarsa, kuma wace ɓarna zai haifar?

2.0 Tsohon Tsari da Sabo

Dokokin farko an gina su ne a kan zaton mafi munin haɗari, wato fashewar babban bututun ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliya. Duk na'urar da aka sa cikin jerin kayan tsaro, dawainiya iri ɗaya ake yi mata, ko da kuwa lalacewarta ba za ta jawo komai ba. A shekarar 1975 rahoton da Farfesa Norman Rasmussen ya jagoranta ya nuna cewa ƙananan yoyo da kuskuren ma'aikata sun fi babbar fashewar zama abin tsoro. An yi ta sukar rahoton, har sai da haɗarin tashar Three Mile Island ya auku a ranar 28 ga Maris, 1979. Bawul guda ne ya maƙale a buɗe, ma'aikata suka yi wa alamu mummunar fahimta, kusan rabin makamashin da ke cikin tukunyar ya narke.

Duk da haka, sai a 1995 hukumar ta fitar da manufar faɗaɗa amfani da lissafin kasada, a 1998 kuma ta shimfiɗa ma'auni. Bisa wannan ma'auni, tasha na iya neman sassauci idan ƙarin yiwuwar lalacewar makamashin tukunya ƙanƙane ne ƙwarai, kamar ƙasa da ɗaya cikin miliyan a shekara, muddin ba a rushe sauran katangun kariya ba. Alal misali, tashoshi da dama sun sami izinin gyara janaretan ko-ta-kwana cikin kwana 14 maimakon awa 72, ba tare da kashe tukunya ba. Haka kuma an rage yawan wuraren walda da ake bincikawa a bututu, aka mai da hankali ga waɗanda tsagewarsu za ta yi illa. Ribar biyu ce: kuɗi sun ragu, ma'aikata kuma sun rage shan tururin nukiliya wajen binciken da ba shi da amfani.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

A ganina, mafi muhimmancin abu a tsarin shi ne matsayin da aka ba lissafin. Mashawarci ne, ba alƙali ba, domin ba ya ganin abin da ba a sa masa a ciki ba. Tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio ta tabbatar da haka. A 2001 hukumar ta nemi a binciki murfin tukunyar irin waɗannan tashoshi kafin ƙarshen Disamba. Masu tashar suka nemi jinkiri, aka auna kasada, aka yarda su ci gaba da aiki zuwa tsakiyar Fabrairun 2002. Da aka buɗe, a watan Maris sai aka tarar ruwa mai sinadarin boron ya daɗe yana yoyo, ya cinye ƙarfen murfin mai kaurin kimanin inci 6, saura ɗan shafen ƙarfe na ciki da bai kai rabin inci ba. An yi lissafin ne a kan tsagewar bututu, babu wanda ya sa irin wannan rami a ciki. Tashar ba ta koma aiki ba sai a 2004, aka yi asarar da ta ninka abin da aka so a tsimi da jinkirin sau da yawa.